Baftismar Baba

Baba ya riƙe ƙarfen gado da hannu biyu, ya ce ba inda za shi.

Masu tura marasa lafiya zuwa ɗakin tiyata suka tsaya suna kallon nas, ita kuma nas ta juya tana kallon Yaya. Yaya ce babbar 'yarsa. Tun da aka haifi ƙannenta sunanta ya ɓace, kowa Yaya yake ce mata, har shi Baban. Ita ce ta rufe shagon ɗinkinta ta tare a asibiti tun da ciwon suga ya kama ƙafar tsohon. Ita ke juya shi, ita ke zubar da fo, ita ke gyangyaɗi a kujerar roba har bayanta ya daina miƙewa sosai.

"Baba, saki gadon mana," ta ce. "Jiya da bakinka ka ce ka amince."

"Jiya daban. Ba mai sa mini wuƙa sai an yi mini baftisma."

"Wace baftisma kuma? Kai da ka tsufa a coci? Bencinan da ake zama a kai ma ai kai ka ƙera su."

"Tambayi ƙanenki."

Auta yana tsaye jikin taga, Littafi Mai Tsarki a hammatarsa. Jiya ya iso, ya ce ta je gida ta huta shi zai zauna da Baba. Wanka kawai ta je ta yi, ta ɗan runtsa. Ashe a wannan ɗan tsakanin ne aka yi ta.

"Gaskiya kawai na faɗa masa, Yaya," in ji Auta. Bai sunkuyar da kai ba. "Yana jariri aka yayyafa masa ruwa a goshi. Jariri ya san tuba? Ya san bangaskiya? Duba Littafi ki gani, sai mutum ya ji, ya gaskata, sannan a nutsar da shi. Yesu ma cikin kogi ya shiga, da girmansa. Ni ba zan iya kallon Baba ya shiga ɗakin nan haka ba. In bai fito ba fa?"

"Sai yau ka ga ranar faɗa?"

"To yaushe? Bayan an gama?"

Yaya ba ta da ƙarfin faɗa. Ta san Auta ba mugunta yake yi ba. Tun da ya koma sabon cocin nan da ke taruwa a saman wasu shaguna ya daina shan giya, ya riƙe aiki, yana kiran Baba a waya. Kowa a gidan ya gode wa Allah da wannan cocin, har ita.

Likita ya zo da hular tiyata a kansa, idanunsa jajur. Ya saurare su ba tare da ya katse kowa ba, sannan ya ja Yaya zuwa bakin ƙofa.

"Ruɓar ta wuce idon sawu," ya ce. "Yau a ƙasan gwiwa zan yanke. In aka jinkirta sai a sama, in ma jininsa bai ɗauka ba ke nan. Ba na yi wa mutum aiki dole. Zan fara da sauran. In na fito daga na ƙarshe bai shirya ba, sai wani makon, in an sami wuri."

"Likita, in aka sami inda za a tsoma shi a ruwa fa? Sau ɗaya kawai."

"Da wannan ƙafar? Da zuciyarsa yadda take? Ki bar maganar."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Bas ya cika maƙil, a tsaye ta tafi, hannu ɗaya a ƙarfen sama, wani fasinja yana taka mata ƙafa a kowace tsayawa. Wayarta ta yi ƙara, wata mai kaya ce ke tambayar ko rigarta ta kammala. Yaya ta ce ta kusa, alhali ko yankawa ba ta yi ba.

Ta sami tsohon fastonsu a ofishinsa da ke bayan coci, yana fama da maɓallin kwalarsa. Jana'iza za shi. Shi ne ya ɗaura mata aure, shi ne kuma ya yi ta kai da kawowa lokacin da auren ya mutu. Ya sa ta zauna, ya zuba mata ruwa a kofi, ya saurara yana girgiza kai.

"Babanki ne ya faɗi haka? Kafinta namu?"

"Shi fa. Fasto, ka zo ka ɗan zuba masa ko digo ne, hankalinsa ya kwanta a yi aikin nan."

"'Yata, ki ce in zo in yi masa addu'a, zan zo. Ki ce in kawo masa gurasa da ruwan inabi na jibin Ubangiji, zan kawo. Wannan kam ba zan iya ba. An yi masa da ruwa, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya girma ya tsaya gaban ikilisiya ya amsa da bakinsa. Baftisma ɗaya ce. Ba yawan ruwan ke ceto ba, alkawarin Allah ne. A zamanin manzanni gida guda ake yi wa, maigida da iyalinsa duka. Kina tsammani ba yara a cikinsu?"

"Ni ban zo gardama ba, Fasto. Ƙafarsa tana wari."

Tsohon ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"In na sake yi masa, na gaya masa ke nan cewa duk shekarun nan a waje yake tsaye. Ƙarya ce, kuma ba zan yi wa abokina ƙarya a gadon asibiti ba. Ki gaya masa haka na ce. Da an binne wannan bawan Allah zan taho."

"Kafin nan likita ya tafi."

"Na sani," ya ce a hankali. "Ki yi haƙuri."

A hanyar dawowa ta sami wurin zama, barci ya ɗauke ta, ta wuce inda za ta sauka. Sai da ta dawo da ƙafa cikin rana.

Da ta shiga ɗakin ta tarar Auta ya kira nasa faston. Saurayi ne siriri mai ladabi, ya cire takalmansa a bakin gado ba wanda ya sa shi, ya durƙusa yana dafe da hannun Baba. Ya miƙe ya gaishe ta da girmamawa, ya ce ya riga ya zaga ko'ina tare da nas. Kwamin wanka ɗaya ne a sashen duka, shi ma ya tsage, tsintsiya da bokitai ake ajiyewa a ciki.

"Ku kai shi tankin da ke kan rufi mana," in ji tsohon da ke gadon kusa, wanda ya karye a ƙugu, ya kuma bi maganar tun safe kamar mai sauraron rediyo. "In ya so ku haɗa da ni, na kwana biyu ban yi wanka ba."

Ba wanda ya yi dariya sai nas, ita ma ta maza ta rufe baki.

"Ko da kwamin yana da kyau, likita ya hana," Yaya ta ce. "Ga ruwa nan a gora, Fasto. Zuba masa a ka, ka faɗi abin da ake faɗa."

"Yaya, da zan iya da tuni na yi. Baftisma binnewa ce tare da Almasihu, a shiga ƙarƙashin ruwa a fito sabo. Ba a binne mutum da digo uku. In na zuba masa na ce ya samu, na yaudare shi, kuma zan amsa a gaban Allah. Mu yi addu'a ya fito lafiya, in ya warke da hannuna zan kai shi."

"In ban fito ba fa?" in ji Baba.



Yaya ta zube a kujerar roba. Ƙafafunta sun kumbura, takalmin ya shata musu layi. Ta cire shi tana murza yatsunta, tana magana ba tare da ta kalli kowa ba.

"Wancan ba zai yi ba, wai an riga an yi. Kai kuma ba za ka yi ba, wai ruwan bai isa ba. Kowannenku tsoron Allah yake ji, madalla. Ni ce dai zan wanke ƙafar gobe da safe." Ta ɗago ta kalli Auta. "Da kake lissafin waɗanda tasu ba ta karɓu ba, ka sa Mama a ciki? Ita ma ai yayyafa mata aka yi tana jaririya. Ko a kogi ka ga an kai ta?"

Ba da niyya ta faɗa ba, gajiya ce ta fito da maganar. Mama ta daɗe da rasuwa, tun Auta yana makarantar sakandare, kuma a gidan ba a cika ambatonta a gaban Baba ba, don sai ya yini bai ci abinci ba.

Har tsohon gadon kusa ya juya fuskarsa bango.

Baba ya saki ƙarfen gadon a karo na farko tun safe. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, inda ƙarfen ya bar masa ja. Sannan ya juya wajen saurayin.

"Ɗana, ba ka san matata ba."

"Ban san ta ba, Baba."

"Ba ta iya karatu sosai ba, ni nake karanta mata. In na yi tuntuɓe a wata aya ita ke ƙarasa mini daga ka. Da ciwon ya ci ƙarfinta, waƙa take yi ƙasa-ƙasa, har maƙwabta suna cewa ta sami sauƙi. A hannuna ta cika, da sunan Yesu a bakinta. To gaya mini, tata ta karɓu ko ba ta karɓu ba?"

Faston ya kalli Auta, Auta yana kallon ƙasa.

"Baba, ni abin da aka rubuta nake koyarwa. Amma wanda ya riga ya tafi, ba ni da bakin magana a kansa. Tana hannun Allah, kuma shi mai jinƙai ne."

"Tana hannun Allah."

"Haka ne, Baba."

"To tawa ma ku bar ta a can." Ya mai da kansa kan matashi, ya lumshe ido. "Ruwa iri ɗaya aka zuba mana ni da ita. In an buɗe mata, za a buɗe mini. In kuma a waje aka bar ta, ni me zan shiga in yi? Yaya, kira masu gadon nan."

"Baba..." Auta ya fara.

"Na ji ka, Auta. Ka yi abin da ɗa ya kamata ya yi, Allah ya yi maka albarka. Ka bar ni haka."

Yaya ba ta tsaya sa takalmi ba. Ta bi dogon barandan da sauri, ƙafa ba komai, tana kauce wa masu jinya da ke zaune a ƙasa. Ta iske likita ya fito daga aikinsa na ƙarshe, ya cire hula yana goge wuyansa da ita.

"Ya yarda," ta ce tana haki.

Likitan ya kalle ta, ya kalli ƙafafunta, ya kalli agogon bango. Ya mai da hular kansa.

"Bai ci komai ba dai ko?"

"Ko ruwa bai sha ba."

"A kawo shi."

Suka raka gadon har bakin ƙofar da ba a wucewa. Faston Auta ya yi gajeriyar addu'a yana tafe a gefen gadon, Baba ya ce amin da ƙarfi. Ƙofar ta rufe. Saurayin ya yi musu sallama, ya ce zai dawo da yamma, ya tafi yana ta ba Yaya haƙuri, ita kuma ba ta san na me ba.

Benci ɗaya ne a wurin. Auta ya zauna a tsakiyarsa, ya ɗora Littafin a cinya, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Yaya ta jingina da bango tana jin sanyin siminti a tafin ƙafarta. Wayarta ta sake yin ƙara a jaka, ta bar ta har ta gaji ta yi shiru.

"Yaya," in ji Auta, muryarsa ta koma irin ta lokacin da yake ƙarami. "Ke kina ganin Mama tana ina?"

Ta dube shi. Idanunsa sun cika. Tana da abin faɗa, mai zafi da mai sanyi, amma ko wanne sai ta nemo ƙarfin fara shi.

"Matsa," ta ce.

Ya matsa. Ta zauna, ta ɗora kanta a kafaɗarsa. Kafin ya sake buɗe baki barci ya ɗauke ta, shi kuma ya zauna ƙyam, ya kasa ko motsa hannu don kada ta farka.