Saniyar da Na Harbe Saboda Verna

Ni da ƙanwata Verna uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma jikinmu ya daɗe da raba hanya. Ni sai da na haura hamsin da biyar jinin al'ada ya ɗauke mini, kuma har yau ina ɗaga buhun abincin shanu ni kaɗai. Ita kuwa tana talatin da 'yan kai aka yi mata aiki a asibitin birnin Omaha, aka cire mahaifa da komai, al'ada ta tsaya rana ɗaya, ƙashinta ya soma rauni. Yanzu ta ba sittin baya, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Ɗanta Dwayne ya riga ya nema mata ɗaki a gidan tsofaffi, jira kawai yake ta faɗi ya zo ya kwashe ta daga gonar da aka haife mu.

Lokacin haihuwar shanu, aikinmu rabe yake tun zamanin Baba. Babba ta riƙe sanda ta tare uwa, ƙarama ta danne ɗan maraƙi ta maƙala masa lamba a kunne da awartaki. Matsa ɗaya ake yi, domin in maraƙi ya daɗe yana kuka, uwarsa ba ta san kowa ba.

Ran nan da safe na ce, "Kawo awartakin nan, tsohuwa. Hannun da ya kasa kwalbar zuma?"

Ta ce, "Ji mai magana! Ni ce ƙarama, Arlys, ko kin manta? Riƙe sandarki, ki rufe mini baki."

Ta durƙusa a kan maraƙin cikin ƙanƙara da taɓo. Ta matsa, allurar lambar ta shiga rabi ta tsaya. Ta sa hannu biyu, a banza. Maraƙin ya kwartsa ihu, jini na bin kunnensa.

Uwarsa, baƙar saniya, ta sunkuyar da kai ta taho. Na karya sandar a goshinta, ko gezau, ta watsar da ni gefe. Kafin in miƙe, Verna na ƙasa, saniyar na murza ta da kai cikin taɓo. Idona ya rufe. Na fizgo turken ƙarfe daga bayan a-kori-kura, na hau dukanta, a hanci, a kunne, a ido. Ina duka ina zagi har idon hagu ya fashe, sannan ta ja da baya tana aman jini ta hanci.

Ƙafar Verna ta dama ta juye waje, ta gajarce. Na san ƙugu ne. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

"La'ananniya, ta karya ki!"

Ta riƙo rigata da wannan hannun nata marar ƙarfi. "Ba ita ba ce, Arlys. Juyawa kawai na yi zan gudu, na ji ƙas. Ina ƙasa ta same ni."

Na yar da turken, ta ci gaba.

"In Dwayne ya ji ƙashina da kansa ya karye, ba zan sake kwana a gidan nan ba. Ki ce saniya ce. Saniya kowa tana iya karya shi."

Dwayne ɗan gona ne, ya san dokar gidanmu: dabbar da ta karya mutum ba ta kwana da rai. In ya zo ya tarar da saniyar tsaye, ya gane komai.

Na lulluɓe Verna da rigar sanyina, na kira motar asibiti. Sannan na ɗauko bindiga daga bayan kujerar a-kori-kura. Saniyar na tsaye tana lasar kunnen ɗanta, da ido ɗaya. Shekara takwas tana haifa mana, ba ta taɓa cin amanarmu ba.

Verna ta juyar da fuskarta. Ni ban samu damar juyar da tawa ba.