Murfin da Ba Shi da Ɗan'uwa

Har yanzu a layinsu na Gyaɗi-Gyaɗi Baban 'Yan Biyu ake kiran Zakariyya. Mutum zai faɗa, sai ya tuna, ya yi saurin kawo zancen tsadar mai. Zazzaɓin damina ya ɗauke Hassana, ya bar Usaina ita kaɗai, tana shekara huɗu. Ranar da aka yi jana'iza maƙwabta suka riƙe yarinyar, da ta dawo aka ce mata Hassana ta tafi ƙauye wajen Inna, kakarsu. Zakariyya ne ya faɗa da bakinsa. Manya sun ce haka ake yi, yaro mantawa yake.

Rannan ya zo ɗaukar ta daga makaranta, ya ajiye adaidaita sahunsa a bakin ƙofa, sai Anti Mercy ta yafito shi. 'Yar Kudancin Kaduna ce, ita ke koyar da ajin ƙanana a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Tarauni, kuma ta je musu ta'aziyya.

"Baban 'yan..." Ta tsaya. "Malam Zakariyya, shigo ka ga wani abu."

A kan tabarma ta zube murafan lemo, ja da kore da ruwan ɗorawa da shuɗi. Ta ce lissafin yara daga nan yake farawa, kafin ɗaya da biyu. Yaro ya iya gane abin da ya yi kama da wani, ya haɗa ja da ja, kore da kore.

"Nakan ce musu, kowane murfi ku nemo masa ɗan'uwansa. Wanda ba shi da ɗan'uwa ku jefa shi kwando. Usaina ta fi kowa sauri, kafin in juya ta gama. Amma kwandon ne ba ta yarda da shi ba. Duk murfin da ya ragu shi kaɗai, aljihunta take sa shi. Har na sauran yara take bi tana kwashewa."

"Ɗauke-ɗauke ta fara?"

"A'a, ba wannan ba ne. Jiya na ce, Usaina, wannan shuɗin ba shi da ɗan'uwa, sa shi a kwando. Ta ce yana da shi, ƙauye ya tafi, zai dawo." Anti Mercy ta sunkuya tana tattara murafan. "Na rasa abin da zan ce mata. In na ce ba zai dawo ba, na ƙaryata ku. In na ce zai dawo, na yi wa yarinya ƙarya. Ni dai na daina cewa ɗan'uwa, yanzu launi nake cewa. Amma ita ta riga ta riƙe."

A hanya bai ɗauki fasinja ba. Usaina na baya tana nuna masa motoci, farare daban, baƙaƙe daban. Shi kuwa tunani yake. Ƙaryar da aka yi don tausayi, wa ta tausaya wa? Ya ɗauka ya sauke wa yarinya kaya ne. Ashe kullum ta ji an taɓa ƙyauren gida sai ta ɗaga kai. Shi yana kuka ya share hawaye ya fita aiki, ita ya bar ta da jira.

Da suka isa gida Kulu, matarsa, tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ya gaya mata abin da malamar ta ce. Ba ta ɗago ba.

"Duba ƙarƙashin gado," ta ce. "Na gani tuntuni. Ban iya taɓawa ba."

Takalman makarantar Hassana ne a can, irin na Usaina sak, don komai biyu yake saya musu. An cika su da murafai har baki.

Ya fito da su, ya zauna a tabarma, ya kira Usaina. Ta zo da gudu ta zazzage su tana yi masa bayani. Wannan shuɗin ɗan'uwansa yana ƙauye. Wannan baƙin ma. Wannan mai lanƙwasa ba shi da lafiya ne.

"Usaina, zauna nan." Ya ɗora ta a cinya. "Abin da na gaya miki ba haka ba ne. Hassana ba ta ƙauye. Allah ya karɓi abarsa. Ta rasu."

"Yaushe za ta dawo?"

"Ba za ta dawo ba. Mu ne za mu je mu same ta, wata rana."

"A adaidaita?"

"A'a."

Ta dube shi, ta dubi uwarta da ta kifa kai a kan faranti. Ba ta yi kuka ba. Ta sauka daga cinyarsa ta durƙusa gaban murafan, ta daɗe tana jujjuya su da yatsa. Ta gwada shuɗin da baƙin, ta raba su. Ta gwada mai lanƙwasa da wani, ta raba.

Sannan ta ɗauko leda ta fara zuba su ɗaya bayan ɗaya.

"Me za ki yi da su?"

"Gobe zan kai wa Anti. Na kwando ne."

Ta ƙulle bakin ledar yadda ta ga uwarta na yi, ta ajiye kusa da jakar makaranta. Ta dawo ta tsaya a gabansa.

"Abba, kai da Umma ku biyu ne."

"Haka ne."

"To ni fa?"

Ya buɗe baki zai ce mu uku ne, ya ga tana kallon takalman, nata da na Hassana, iri ɗaya a jere bakin ƙofa. Yarinyar ta iya darasinta, ba za a ruɗe ta ba. Ya jawo ta ya rungume, ya miƙa ɗaya hannun ya kwance bakin ledar.