Ranar da Saudat Ta Wanke Tsatsa

Saudat mace ce da ba ta iya ganin datti ta wuce. Tun a Damagaram haka aka san ta, balle nan Makka, a gidan Ustaz Nawaf da ke unguwar Zahir, inda take aikatau shekara biyu ke nan. Shi ne kafil ɗinta, wato mai tsaya mata a ƙasar, kuma saura kwana tara iƙamarta, takardar izinin zamanta, ta ƙare. Ya ce ranar Lahadi zai sabunta mata. In bai sabunta ba sai jirgi, ga 'ya'ya uku a gida suna karatu da guminta.

Nawaf jikan Kanawa ne da suka zo hajji suka zauna. Gemu ya fara furfura, amma ba abin da ya ɗauke masa hankali kamar wata 'yar motar roba. Gutsi-gutsi ta zo cikin kwali, ya yi wata uku yana haɗa ta da hantsaki da gam. Wai irin motar wani tsohon fim ce, baƙa mai dogon hanci, tsawonta bai fi takalmi ba. Ya sauya mata tayoyi, ya ɗaura mata 'yan jarkoki a baya. Babba da shi, in ji Saudat a ranta.

Ranar Alhamis ya tafi garin Ɗa'if ya bar ɗakin da motar take a buɗe. Saudat ta shiga shara, sai ta ga motar nan ta yi butu-butu, taɓo har ƙofa, tsatsa ta cinye gefenta. Namiji da ƙazanta! Ta samo tsohon buroshin haƙori da sabulu, ta dirje ta tas har tana ƙyalli.

Tana cikin shanya ta a taga Manar, ƙanwar Nawaf, ta leƙo. Ta dafe ƙirji.

"Ya Saudat, esh sawweti? Me kika yi? Dattin nan shi ya yi shi da hannunsa! Sati uku yana shafa hoda. Jibi zai kai ta gasa Jidda."

Saudat ta san halin maigidan. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Direban da ya karce masa mota bara, shiru kawai Nawaf ya yi ya danna waya, kafin sati mutumin yana ƙasarsu. Tsoro ya kama ta sosai, har sai da ta zauna a ƙasa.

"Bayan la'asar zai dawo," in ji Manar. "Ni dai ba ruwana, wallahi." Ta ja ƙofa.

Saudat ta zura wa motar ido. Babanta direban babbar mota ne, Damagaram zuwa Agadas, kuma ita ke wanke masa ita tana yarinya. Ta san inda tsatsa take zama: ƙasan ƙofa, bakin tanki, duk inda ruwa ke kwana. Ta ruga ɗakinta ta kwaso lalle da kwalli da ƙaro, ta ɗebi ƙasa a tukunyar fure. Ta kwaɓa, ta riƙa ɗigawa da tsinken sakace. Ta shafa kwalli a bakin salansa. Ko abinci ba ta iya ci ba. Ƙofar hagu ce kaɗai ta rage aka kira la'asar, ta ajiye ta gudu kicin.

Ta ji shigowarsa, ta ji ya buɗe ɗakin. Daga nan shiru. Shirun nan da take tsoro.

"Ya Saudat. Ta'ali, zo."

Ta same shi a sunkuye kan motar, waya a hannu. Ya kai hanci ya sansana.

"Wa ya taɓa?"

Ta ɓoye hannuwa cikin mayafi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, balle lalle ba ya rufa wa kowa asiri.

"Nuna hannu."

Ta miƙa. Yatsu goma sun yi jajawur.

"Ni ce, Ustaz. Na ɗauka datti ne na wanke. Don Allah ka dubi yarana."

Ya ɗaga wayar kamar yadda ya yi wa direban nan. Sai ya kunna fitilarta ya haska ƙasan ƙofar motar.

"Nawa ya fi kyau," ya ce da Hausarsa mai nauyi. "Naki ya fi gaskiya. A ina kika ga tsatsa haka?"

"Motar babana."

Ya ajiye wayar a kan tebur, ya tura mata kujera da ƙafa.

"Ƙofar hagu sabuwa ce har yanzu. Kawo sauran lallen."

Ta ruga ta ɗauko shi, ta zauna a kujerar.