Abin da Ganizani Ya Tura Ƙarƙashin Rumbu

Da Ganizani ya san inda ƙullin ledar nan zai kai shi, da tun a kasuwa ya jefa shi cikin kwata ya dawo gida hannu rabbana. Amma mutumin da ɓera ya hana shi sukuni ba ya tsayawa dogon tunani, shi kuwa ya daɗe rabonsa da kwanciyar hankali.

Da lambu ɓerayen suka fara. Lambun matarsa Nachisale ne, can gangaren rafi, inda suke da dankali da tumatir da 'yan kabewa. Sai ka ga ganyen dankali kore shar, ka tona ka tarar da ɓawo kawai. Tumatir kuwa ba sa cinye ko ɗaya, kowanne sai su gutsura su wuce na gaba, kamar da gayya. Daga nan ɓarnar ta hauro gida. Aka huda buhun gyaɗa, aka ci sabulu, aka yi wa rigarsa ta zuwa coci taga a kafaɗa. Duk wannan ya haɗiye. Sai wata safiya Nachisale ta ɗaga 'yar autarsu Tiyamike daga tabarma, ta ga jini ya bushe a babban yatsan ƙafarta, ga sawun haƙora biyu.

Ganizani dama mutum ne da tarin yaro kaɗai kan hana shi cin abinci. Ranar ya duba yatsan nan ya fi a ƙirga. Ya fita ya dawo, ya sake cewa a kwance tsumman da aka ɗaure yatsan da shi ya gani.

Da hantsi ya nufi gidan Kapalamula, yayan Nachisale. Aure ne ya kawo Ganizani garin nan. Filin da ya gina ɗaki, da gonar da yake nomawa, da lambun, duk na dangin matarsa ne, kuma ko a kan 'ya'yan da ya haifa maganar kawunsu ta fi tasa nauyi. Ya tarar da Kapalamula a gindin mangwaro yana sa wa fartanya ƙota. Alamu suke kiran juna, wato suruki.

"Alamu, ɓera ya ciji yarinya."

"Na ji. Ka ɗana tarko."

"Na ɗana. Gyaɗar suke cinyewa su bar mini tarkon."

"To ka samo kyanwa."

"Ta tsohuwa Nabanda na aro. Ko kwana ba ta yi ba ta koma gidansu."

Kapalamula ya kwashe da dariya har ƙotar ta suɓuce masa. "Kai dai alamu! Ko ƙuda ya sauka a kan ɗanka sai ka tara gari. Wato har kyanwa ta ga zaman gidanka ya fi ƙarfinta? Ƙanwata ce kaɗai mai haƙuri."

Ganizani bai yi dariya ba. Ya ce, "Magani nake so in sa."

Nan take fuskar Kapalamula ta canja. Ya ajiye fartanyar.

"Ba a garin nan ba. Daga girbi har ruwan farko ba mai zuba guba a ƙasa, ka sani. Yaranmu abin da ke cikin rami suke ci."

"A cikin gida kawai nake nufi."

"Na gama magana, alamu. Ka gaida ƙanwata."

Gaskiya ne, lokacin mbewa ne, ɓeran daji. Da an kwashe masara ciyawa ta bushe, yara sukan cinna wa gonaki wuta, su bi ramuka da fartanya. A gida a cire hanji, a dafa da gishiri, a shanya, shi ne mahaɗin nsima, tuwon masara, a yawancin gidaje har damina ta faɗi. Ganizani kansa da shi ya girma.

Amma a hanyarsa ta komawa wani tunani ya riƙa yi masa kai da kawo. Ai ko yaron goye ya san mbewa daban, ɓeran gida daban. Ɓeran gida ƙato ne, baƙi, mai doguwar jela, mai cin ƙazanta, ba wanda ke kai shi baki. Mbewa kuwa ƙarami ne mai farin ciki, hatsi kawai yake ci, a gona yake rayuwa a gona yake mutuwa. Wannan ba ya shiga wurin wancan. Haka ubansa ya faɗa masa, haka kowa ke faɗa. To in ya zuba magani a tsakiyar gidansa, miyar wa ya taɓa?

Ranar kasuwa ya sami wani mai talla da ya baza kaya a kan buhu, layu da allurai da maganin kyankyaso. Mutumin ya miƙo masa baƙin gari a ƙulle cikin leda, ba suna ba takarda, ya ce, "Wannan ko giwa ta lasa sai ta durƙusa." Da yamma, Nachisale ta tafi ɗebo ruwa, Ganizani ya juye garin duka a tsingaro, ya cuɗa da dusa da dakakkiyar gyaɗa, ya kwanta rub da ciki ya tura shi can ƙarƙashin rumbu da sanda. Ya jera duwatsu kewaye don kada kaji su kai. Ya wanke hannu da toka, ya sake wankewa. Bai gaya wa kowa ba.

Washegari sai da rana ta ɗaga ya samu ya zagaya bayan rumbu ba idon kowa. Ya janye dutse, ya jawo tsingaron. An lashe shi tas. Wani daɗi ya kama shi. Ya sake zura sandar, ya ji ta taɓa abu mai laushi, ya jawo.

Ƙarami ne. Cikinsa fari.

Ya sake zurawa, ya jawo wani. Shi ma haka. Na ukun bai ƙarasa mutuwa ba, yana jan ƙafafun baya. Ko baƙi ɗaya babu a cikinsu.

Ganizani ya miƙe a hankali ya leƙa ta saman danga. Gonar da ke bayan gidan baƙa ƙirin take har gangaren rafi, yara sun ƙone ta makon da ya wuce. Ba ciyawa, ba kara, ba abin da ɓera zai ci ko ya ɓuya. A cikin tokar kuwa ga 'yan siraran hanyoyi nan, sun fito daga gindin dangarsa sun gangara wajen lambu. Ashe da wuta ta cinye musu gona, rumbunsa suka mayar gona.

Ya faɗa tsakar gida. Nachisale tana daka, Tiyamike a bayanta, amma ɗansu Limbani ba ya nan.

"Ina Limbani?"

"Ya fita tun ɗazu, shi da abokinsa Dalitso. Sun ɗauki fartanya da buhu."

"Ina suka nufa?"

"Wai bayan lambu za su fara, ramuka sun yi yawa a can." Ta tsayar da taɓarya. "Baban Limbani, lafiya? Me ya faru?"

Ya faɗa mata. A tsaitsaye, kalma na cin karo da kalma.

Ta saki taɓaryar ta faɗi ƙasa. "Yayana bai hana ka ba? Bai hana ka ba?" Ta ɗora hannu biyu a ka. "To tsayuwar me kake yi? Ni kake kallo? Bi ɗana!"

Ya zura da gudu, takalmi ɗaya ya fita bai koma ba.

A bayan lambu ya tarar da ramuka a tone, ƙasar ko bushewa ba ta yi ba. Tsohuwa Nabanda tana ban ruwa a nata gefen. Ta ɗago ta gan shi.

"A'a, surukin gari, ɓerayen ne suka biyo ka har nan?"

"Iya, kin ga Limbani?"

"Na gan su. Yau kam yaran nan sun taki sa'a. Da hannu ma suke tsinta, abin ko gudu ba ya yi, kamar ya sha giya. Na ce su sam mini, suka ce sai sun dawo."

"Ina suka bi?"

Ta nuna wajen duwatsu da haɓa. Kafin ta tambaye shi dalili ya tsallake rafi.

Da ya hau tudu ya tsaya yana haki. Hayaƙi ne ke tashi ta ko'ina, nan da can da can, kowane gungun yara da wutarsu. Ya zaɓi mafi kusa ya nufa, kututturen ciyawar da ta ƙone yana sukar tafin ƙafarsa. Wasu yara ne na ƙauyen gaba, suka bi shi da kallo. Ya juya. Ya ƙwala kiran sunan ɗansa, iska ta kwashe. Ya sake ƙwalawa har maƙogwaronsa ya yi zafi. Shekarun Limbani goma sha biyu, yaro ne mai ci, ba ya iya ganin abinci ya jira. Wannan shi ne abin da ke ta bugun kan Ganizani yana gudu. Da Dalitso ne kaɗai, da ya kai gida. Amma Limbani ba ya jira.

Ƙauri ya fara ji kafin ya gan su. Suna bayan wani faffaɗan dutse, sun hura 'yar wuta, buhu a gefe. Dalitso yana fiƙe tsinke. Limbani yana zaune a kan dutse yana lasar yatsu.

Ganizani ya shure wutar, ya damƙo yaron a kafaɗa.

"Ka ci?"

"Baba, me na yi?"

"Na ce ka ci?"

Dalitso ya yi dariya, bai gane ba tukuna. "Ai Baba wannan ɗan naka rumbu ne. Na ce ya bari mu kai gida a dafa, ya ce ɗanɗanawa zai yi. Uku ya ɗanɗana."

"Kai fa?"

"Ni nawa bai gasu ba."

"Na ina ya ci? Na bayan lambu ko na nan?"

Yaran suka dubi juna, suka dubi buhun. Duk a ciki suka zuba, na lambu da na gindin dutse, sun fi talatin, sun cakuɗe.

"Ka cire hanjin?"

"Na cire," in ji Limbani. Sai ya sunkuyar da kai. "Ban da na ƙarshen. Ƙarami ne."

Ganizani ya durƙusar da shi ya zura masa yatsa a maƙogwaro. Yaron ya yi ta fizge-fizge, ya cije shi, ya yi amai kaɗan, ya fashe da kuka yana cewa shi ba sata ya yi ba. Uban ya saɓa shi a kafaɗa kamar jariri, ya ce wa Dalitso ya ɗauko buhun ya ƙulle bakin, kada ya ba kowa ko da tsohuwa ce ta roƙa.

A bakin rafi suka ci karo da Kapalamula ya turo keke, Nachisale na biye da shi, bayansu mutane. Ganizani ya buɗe baki.

"Alamu, ni ne na..."

"Sauke shi."

"Zan kai shi asibiti da kaina."

"Ɗan ƙanwata ne. Sauke shi." Kapalamula ya ɗora yaron a bayan keke, ya juya ga samarin da ke tsaye. "Ku bi duk inda kuka ga hayaƙi. Duk wanda ya tona rami tsakanin rafi da gari yau, ya zubar a masai. Ku ce ni na ce." Ya taka keken ya tafi bai ko waiwayi Ganizani ba. Ganizani ya bi su a ƙafa, yana gudu yana tafiya, har keken ya ɓace masa a kwana.

Da ya isa asibitin, ma'aikaciyar jinya ta riga ta ba Limbani wani baƙin ruwan magani ya sha. Ta dubi Ganizani daga ƙafa mai takalmi ɗaya har sama.

"Kai ne uban? Wane magani ka sa?"

"Baƙin gari ne."

"Sunansa nake tambaya."

"Ba shi da suna. A leda yake."

"Kawo ragowar in gani."

"Duka na juye."

Ta ja numfashi. "Baba, iri-iri ne. Akwai mai kayar da mutum kafin rana ta faɗi. Akwai wanda sai ya yi kwanaki yana tsinka jini a ɓoye, yaro yana wasansa. Masu tallan nan kuma wani lokaci haɗawa suke yi. Zai zauna a nan mu sa masa ido. In kun ga jini a dasashinsa ko a fitsari, ko ya ce cikinsa na murɗa, ku kira ni."

Suka zauna a baranda. Nachisale ta iso ta wuce shi ta zauna kusa da yayanta. Ganizani ya kasa zama. Ya je ƙofa ya leƙa, ya dawo, ya sake komawa. Limbani na kan gado yana kaɗa ƙafa, leɓensa baƙi, yana tambayar ko an taho masa da abinci. Uban ya shiga ya ce ya buɗe baki, ya duba dasashin. Bai jima da fitowa ba ya koma ya sake dubawa.

"Za ka yage masa baki," in ji Kapalamula, ba tare da ya ɗago ba. "Zo ka zauna, alamu. Maganata da kai sai yaro ya tashi."

Ganizani ya zauna a bakin benci. Mai tallan ba ɗan yankin ba ne, kasuwa-kasuwa yake bi, ba wanda ya san garinsu. Har rana ta karkata Limbani bai ce ko'ina na masa ciwo ba. Ba wanda ya san wace irin guba ce, kuma ba wanda ya san ko ukun da yaron ya ci na bayan lambu ne ko na gindin dutse.