Kek ɗin Mai Laifi

Shekara goma sha bakwai Bodil tana juya takardun wani kamfanin famfo a Aarhus daga harshen Denmark zuwa Ingilishi saboda baƙin ma'aikata. Ranar Alhamis manaja Torben ya ajiye mata sanarwar sallamar mutum shida, ya ce sai Litinin za a faɗa.

"Kalmarmu ta meddele ta cika kama da sammacin kotu," in ji shi. "A Ingilishin ki sa share. Muna raba labari da su ne."

"Kora ce fa, Torben, ba alewa ba."

"Kora ce mai ladabi."

Suna na huɗu Alun ne, ɗan Wales, wanda teburinsa ke kallon nata. Wani kamfani a garin Odense ya yi masa tayin aiki, ƙarfe sha biyu na ranar nan wa'adin amsa zai cika, kuma tun safe yake cewa ba zai je ba. Ita kuwa ta sa hannu a takardar riƙe sirri. In ta buɗe baki, ita ce ta bakwai.

Sai ta tura sanarwar zuwa injin buga takardu da ke ƙarshen baranda.

"Alun, gwiwar nan ta motsa. Ɗauko min takarda mana."

"Ba gwiwa ba ce, tsufa ne, kaka."

Ya dawo da ita a kife, yana kallon silin. Shekara takwas 'yan ofishin suna koya masa cewa mutumin kirki ba ya leƙa takardar wani, sai yau karatun ya zauna.

"Ka tabbata tawa ce? Duba dai."

"Ita kaɗai ce a wurin. Ko kallo ban yi ba, kun gama mayar da ni ɗan ƙasa."

Ta zuba wa agogo ido. Bakinta ya buɗe sau biyu, kofi kawai ya shiga. Sha biyu saura kwata Alun ya aika wa Odense haƙuri, ya yi miƙa.

"Ina zan sami mutane irinku, marasa ɓoye-ɓoye?"

A ofishin, duk wanda ya yi ɓarna shi ke kawo kek. Da safen Juma'a Bodil ta shigo da babba mai kirfa.

"Kaka, me kika ɓata?" Alun ya tambaya, wuƙa a hannu.

"Fassara."

"Ke? Allah ya ƙara miki irinta!"

Ya yanki biyu.