Kilomita Ɗari Uku da Suka Ɓata

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa babbar mota tsakanin garinmu da babban birni. Kilomita ɗari tara da ashirin ne. Ba a littafi na gani ba, mitar motata ce ta gaya mini.

Auta, 'yarmu ta ƙarshe, ta gama karatun likita a can. Ranar Asabar da ƙarfe biyu za a ba ta takarda a gaban jama'a, ta kuma ce in ban zo ba, ba za ta karɓa ba. Na san za ta aikata, halina ta ɗauko. Ta aiko mana da tikitin jirgi na safiyar ranar, ni da uwarta.

Na sa tabarau na duba. Tashi ƙarfe tara, sauka goma da kwata. A ƙasa an rubuta kilomita ɗari shida da ashirin.

Na ce wa matata, "Tsohuwa, an cuci yarinyar nan. Guntun tikiti suka sayar mata."

"Guntu kamar yaya, Direba?"

"Ɗari uku sun ɓata. A hanya za su sauke mu."

"Jirgin sama ne fa, ba motar kaya ba."

"Ko na ƙarƙashin ƙasa ne. Gari ba ya matsowa."

Ban tsaya musu da ita ba. Na yi lissafi: ɗari shida da ashirin daga ƙofar gidana, daidai mahaɗar da ake auna manyan motoci ke nan. Ina da tsohon aboki a wurin, Mai Faci. Na buga masa waya ya nemo mota mai lafiya ya jira mu. In ni ke riƙe da sitiyari, za mu isa kafin biyu.

Ya ce, "Amma fa babu filin jirgi a nan."

Na ce, "Su suka san inda za su ajiye shi. Kai dai ka riƙa duba sama."

A jirgi na karɓe kujerar taga don in sa ido a kan hanya. Na gan ta a ƙasa, siririya, tana ta kewaya duwatsu da kogi. Dutsen da nake hawa da giya ɗaya har inji ya yi zafi, ta kansa muka bi kafin in gama kurɓar shayi.

Na kira ma'aikaciyar jirgin. "Yarinya, direbanku ya bar titi."

Ta ce, "Baba, mu miƙe muke tafiya, ba mu da kwana."

Tsohuwa ta leƙo ta kan kafaɗata. "Ga ɗari ukunka can a naɗe, Direba. A ce ya tsaya ka ɗebo?"

Na ci gaba da kallon taga.

Goma da kwata muka sauka, a babban birnin kansa. Auta na jiranmu a ƙofar fita. Ko gaisawa ba mu gama ba wayata ta yi ƙara.

Mai Faci ya ce, "Direba, wuyana ya ƙage. Banda tsuntsaye ban ga komai ba."

Na ce, "An canza hanya. Koma bakin aikinka."

Tsohuwa ta kwashe labarin duka ta gaya wa Auta a cikin tasi, har da wanda ba a yi ba. Suka yi ta dariya har mai tasin ya sa baki. Na ce masa ya kula da gabansa, birkinsa na ƙara.

Uku saura aka kira sunanta. Na miƙe tsaye. Wani daga baya ya ce, "Tsoho, zauna mana, ka tare mu." Ban zauna ba sai da ta sauko.