Ƙwayoyin Baba Tela

Tun da ta dawo daga kwas ɗin da asibiti ya tura ta, abokan aikinta na ɗakin magani suka laƙaba mata Ta-Sama. A da tare suke a ƙasa, bayan taga, tana miƙa wa jama'a ƙwayoyi tana cewa ɗaya da safe, ɗaya da dare. Yanzu aikinta ya koma saman bene, ɗakin kwanciyar maza, inda take bin likitoci zagayen safe tana duba abin da aka rubuta wa kowane majinyaci: ko ƙodarsa za ta iya ɗauka, ko yana faɗa da wani maganin da yake sha, ko ma yana shiga cikinsa. Abin da ta je ta koyo ke nan, kuma ita ce ta farko da aka ba wannan aiki a asibitin.

Sai dai ba wanda ya tanadar mata wurin zama. Ɗakin likitoci na likitoci ne, teburin nas-nas kuma a cike yake. Jakarta a bayan ƙofar sito take ratayewa. In ta sauko ƙasa cin abincin rana, sai ta tarar an yi nisa a hirar da ba ta san farkonta ba, wata ta ce, "Ku matsa wa likita," a yi dariya, ita ma ta yi. Daga baya ta daina saukowa. A kan matakala take buɗe kwanonta, tana kallon inda ake shanya zannuwan gado. A gida ma ba wani bambanci: maigidanta ya rasu da daɗewa, ɗanta tilo yana makarantar kwana, rediyo ce ke yi mata surutu har ta gama wanke-wanke.

A gadon da ke jikin taga aka kwantar da wani dattijo da kowa ke kira Baba Tela. Ciwon zuciya ya kawo shi, ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, numfashi kuma da ƙyar. Ranar farko da ta tsaya kansa tana tambayar magungunan da yake sha a gida, bai amsa ba sai da ya gama ƙare wa farar rigarta kallo.

"'Yata, wa ya ɗinka miki wannan?"

"Haka aka ba mu, Baba."

"An cuce ki. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. Da idona na gani kamar da, da kin tuɓe na gyara miki yanzu."

Daga nan suka saba. Shi kaɗai ne a ɗakin yake ajiye mata kujera, yana hana masu zuwa dubiya ɗauka. Shi ba mai zuwa dubiyarsa. Matarsa ta rasu, ɗansa yana aiki a wani gari mai nisa, sai dai ya bugo waya. Amma cikin 'yan kwanaki Baba Tela ya zama uban ɗaki. Shi ke raba gardamar ƙwallo, shi ke tsokanar maƙwabcin gadonsa, wani tsohon direba mai ciwon sukari, yana cewa minsharinsa ya fi injin motarsa ƙara.

Da aka sa shi a kan ƙwayar da ke fitar da ruwa, kumburin ya saɓe, numfashi ya daidaita, babban likita ya fara maganar sallama. Sai kuma abu ya juya. Ƙafafu suka sake cika, sikeli ya nuna nauyi yana hawa. A zagayen safe likitan ya danna ƙaurinsa, yatsa ya bar rami, ya ce a ninka maganin.

Hankalin Ta-Sama bai kwanta ba. Gwajin jini bai nuna ƙoda ta lalace ba, ba a ƙara masa wani magani da zai hana wannan aiki ba, nas kuma ta ce kullum tana ba shi. Ta roƙi likitan ya ba ta zuwa azahar. Ya dube ta, ya dubi agogo, ya ce to.

Direba ne ya ba ta bakin zaren ba da niyya ba. Tana wucewa ta ji yana yi wa Baba Tela ba'a: "Da kai da bayi kamar mata da miji, kowace safiya kana hanya. Yanzu kun ɓata ne?"

Ta tsaya. Wanda yake shan wannan ƙwaya ba ya ɓatawa da bayi. Ta jira Direba ya fita shan iska, ta ja labule, ta zauna a kujerarta.

"Baba, ina kake sa su?"

Bai yi musu ba. Ya zura hannu cikin rigar matashi ya fito da wani ɗan gwangwanin allurai. Ƙwayoyin na ciki, wasu sun ɗan narke saboda zaman da suka yi a ƙarƙashin harshe kafin nas ta juya baya.

"Ba mutuwa nake nema ba," ya ce. "Kada ki ɗauka haka. In na warke gida za a kai ni. Kin san gidan? Ɗaki ne da keken ɗinki da ni. Sai in wuni ban buɗe baki ba, in yamma ta yi in yi gyaran murya don in ji ko tana nan. Nan kuwa ko tari na yi sai wani ya ce sannu."

Ta sunkuyar da kai. Ta so ta ce masa ta san irin wannan ɗakin, amma ba abin da ya kawo ta ke nan ba.

"Baba, ruwan nan ba a ƙafa zai tsaya ba, huhu zai hau. Kuma an ce a ninka maka magani don ana zaton wannan ya kasa. In ka sha ninkin, jininka zai iya faɗuwa, ƙodarka ta sha wuya. Dole in gaya wa likita."

"Ki rufa mini asiri, 'yata. Zan riƙa shan rabi."

"Ba zan iya ba."

Ya miƙa mata gwangwanin ba tare da ya dube ta ba, ya juya ya fuskanci bango.

Likitan ya saurare ta a tsaye a baranda. Bai yi faɗa ba, ya dai shafa goshi ya ce, "Allah Sarki, tsoho." Ya soke ninkin, ya ce nas ta riƙa tsayawa har ya haɗiye. Ta-Sama ta ce akwai saura: in an sallame shi haka, gida zai koma ya ajiye maganin, a sake kawo shi ranga-ranga. Ta nemi a rubuta masa ya riƙa zuwa wurinta duk mako a duba nauyinsa da ƙwayoyinsa. Likitan ya ce shi ba shi da ɗakin da zai ba ta. Ta ce benci ma ya isa, sai ya rubuta. Ta kuma buga wa ɗan waya ta gaya masa halin da ake ciki. Ya ce zai ga abin da zai iya yi.

Kumburin ya saɓe. Baba Tela bai ƙara yi mata magana ba. In ta gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai, kujerar kuma masu dubiya suka ɗauke. Ranar sallama ta jera masa ƙwayoyin a kan gado tana bayani, wannan da safe, wannan bayan abinci, a rage gishiri. Ya saurara kamar mai jin sanarwa a tashar mota. Ya bi gado-gado ya yi ban kwana da kowa, ya yi wa likita addu'a, ya yi wa nas-nas, ya wuce ta gabanta da ledarsa.

Ranar da aka sa masa ya dawo awo, ta fito da sikeli ta ajiye kusa da bencin baranda. Bai zo ba. Mako na gaba ma haka. Ta fara tunanin ko a ɗakin gaggawa za ta sake ganinsa, har takan leƙa can in ta tashi aiki.

Wata safiya tana fitowa daga zagaye ta gan shi zaune a bencin, da takalmi a ƙafa, yana haki saboda matakala.

"Ba wurinki na zo ba," ya ce. "Direba na zo gani."

"An sallame shi, Baba. 'Yarsa ta zo ta tafi da shi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya leƙa cikin ɗakin, wani baƙo ne kwance a gadon jikin taga, ba fuskar da ya sani ko ɗaya.

"Yarona ya ce in koma wurinsa," ya ce. "Bene ne, su fita tun safe su kulle ni da talabijin. Na ce ina tunani."

"Kana shan maganin?"

"Wani lokaci."

Ta jawo sikelin da ƙafa zuwa gabansa. Ya dube shi, ya dube ta, sannan ya sunkuya ya fara cire takalmi. Da ya miƙe zai hau sai ya yi tangaɗi, ta tare shi da hannu. Nauyin ya ƙaru, amma ba sosai ba. Ta ce ya zazzage ledar su ga abin da ya rage, ta zauna a ɗaya gefen bencin suka fara warewa.